Notin da Ya Cinye a Motar Anti

Ɗigon farko Anti ce ta gan shi, da safe, a gindin tayar baya ta hagu. Ta durƙusa ta dangwala yatsa ta shinshina. Ba ruwa ba ne, ba kuma baƙin mai ba. Man birki ne, ta san santsinsa, kuma dama tun jiya take jin birkin yana nutsewa fiye da yadda ta saba.

Anti ce ke kai yaran layinsu makaranta ta kuma ɗauko su, a wata tsohuwar mota mai kujeru layi uku. Yaran ne suka sa mata Anti, sunan ya bi ta har cikin gida. Mijinta makaniki ne, duk unguwa Injiniya ake ce masa, kuma tsakani da Allah ya ci sunan. Motar da ta gagari kowa garejinsa ake jawo ta. Shi ya sa da ta ga ɗigon ko gezau ba ta yi ba. Wace mace ce za ta tsorata da birki tana auren Injiniya?

"Baban Lele, zo ka ga wani abu."

Ya fito yana ɓalla maɓallin riga, waya maƙale a kunne. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya miƙe.

"Bututun birki ne ya yi tsatsa, yana tsiyaya a bakin noti. Aikin yanzu-yanzu ne. Miƙo mini akwatin nan."

Akwatin gida ba akwatin aiki ba ne. Tarkacen da gareji ya gaji da su ake kawowa gida a zuba a ciki. Shi kuwa notin bututun birki ɗan ƙarami ne, ƙarfensa da laushi, kuma yana da sufanarsa ta musamman: mai zobe ce da 'yar tsaga a gefe, bututun ya wuce ta tsagar, zoben ya rungume notin ta ko'ina. Wannan sufana tana gareji. Abin da ke akwatin gida wata tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baki, bakin ma ya saki don tsufa. Injiniya ya juya ta a hannu ya ja tsaki. Ya san ba ita ba ce. Amma wayarsa sai ƙara take, wani mai babbar mota yana jiran sa, ga shi ya riga ya ce aikin yanzu-yanzu ne.

Ya kwanta ya sa ta. Ya ja, notin bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, sufanar ta sulluɓe, bayan hannunsa ya daki ƙarfe har Anti ta ji ƙarar daga inda take tsaye. Ya sake sawa cikin fushi, ta sake sulluɓewa. Da ya kuma ja, sai ta zagaya kawai ba ta kama komai ba. Kusurwoyin notin sun cinye, ya zama mulmulalle.

Ya tsura wa notin ido.

Sai wanda ya san gwangwanin Injiniya zai gane wannan kallon. A kan teburinsa na gareji akwai wani gwangwanin madara cike da notunan da suka cinye. Duk motar da aka kawo masa wani makaniki ya ɓata mata noti, sai ya cire notin ya jefa a ciki, ya riƙe sunan mai aikin a ka. In hira ta yi daɗi ya zazzage su a kan teburi yana ɗagawa ɗaya-ɗaya: wannan aikin wane ne, wannan na wane, wannan kam da haƙori aka kwance shi. A yi ta dariya har da riƙe ciki. Babu makanikin layin da ba ya tsoron gwangwanin nan.

"Ba ni filayar nan mai kulle," ya ce daga ƙasa.

Filaya ce da in ta ciji abu take kullewa, ba ta saki sai an ɓalle ta. Ya cije bututun da ita gaba da wurin tsiyayar, ya matse har bututun ya baje, sannan ya ɗaure ta da waya a jikin motar don kada ta faɗi. Ya fito yana tsotsar bayan hannu.

"Na kashe birkin tayar nan. Uku sun ishe ki. Da yamma zan gyara."

"Uku? Baban Lele, 'ya'yan mutane fa zan ɗauka."

"Motoci nawa ke yawo a garin nan da birki biyu? Tafi, kin makara."

Hanyar makaranta ba ta da nisa, amma tana da gangara. Daga gidan mai take farawa, ta sauka a hankali, sannan ta zube gaba ɗaya zuwa wata mararraba inda masu tebur ke baje kaya har bakin titi, masu baro suna tsallakawa ba duba. Shekara da shekaru Anti tana bin gangarar nan tana jin waƙar yara, amma sai ranar ta ga tsawonta. Da ta taka birki motar ta fizge zuwa dama, ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. Ta tsaya, sai dai ba inda ta nufa ba. Lele, 'yarta tilo, tana kujerar gaba tana lilo da ƙafa. Ta ce, "Mama, motar tana rawa."

Da yamma ya zo da sufana mai tsagar a aljihu, a ɓoye kamar wanda ya sato ta. Amma ita aikinta hana ɓarna ne tun farko, in an riga an yi ɓarnar ba ta da abin kamawa. Washegari ya zo da wadda ake murza bakinta ya buɗe ko ya tsuke, ta ƙarasa aske abin da ya rage. Ya fesa wa notin man sassauta tsatsa ya bar shi ya kwana. Ya goga masa magagari don ya fitar masa da sababbin gefuna, ƙarfen ya ƙara sirancewa. Ya kawo wata filayar ta tauna shi ta saki. Ya sa guduma da ƙarfe mai kaifi yana dukan gefensa. Kullum da sabon makami, kullum notin yana ƙara lalacewa, kuma kullum sai ya rufe ƙofar gida ya sa sakata kafin ya kwanta ƙarƙashin motar.

Ranar da ya shigo da 'yar tukunyar gas mai hura wuta, Anti ta sha gabansa.

"Tankin mai fa yana nan kusa."

"Ke kika ƙera motar?"

Ta suri Lele ta shige ɗaki, ta zauna da ita a kusurwar da ta fi nisa da tsakar gida, ta rungume ta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Yarinyar ta ɗauka wasan ɓuya ne, sai ƙyalƙyala take. Can sai ƙaurin roba ya shigo ta taga. Da Anti ta fito ta tarar da shi zaune a ƙasa yana kallon tayar. Notin na nan daram. Abin da wutar ta yi kawai shi ne ta babbake gefen robar da ke kusa.

Da dai bai san yadda ake yi ba, da Anti ta sami abin da za ta yi masa uzuri da shi. Amma wata rana yana cin abinci waya ta shigo, tana tsaye a kansa da ruwan wanke hannu, ta ji shi da kunnenta.

"Noti ya cinye? To me ake jira? Ba a wasa da birki, Alhaji. A yanke bututun dab da notin. A sami soket, sufanar nan mai kamar kofi, mai kusurwa shida wadda ta ɗan fi shi ƙanƙanta, a buga ta a kansa da guduma, a murɗa. Zai fito ko ya so ko ya ƙi. Sai a kai guntun wurin mai bututu ya haɗa sabo. Wai wane jakin ne ya ɓata maka shi? Ka ajiye mini notin, ina da inda nake tara su."

Ya kashe wayar yana dariya. Ta jira ya haɗiye lomar.

"To tamu me ya hana a yanke?"

Dariyar ta ɗauke. "In na yanke da me za a haɗa sabo? Sai an kai wa mai bututu tsohon, da notinsa a jiki, ya gwada."

Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Rumfar mai bututu bango ɗaya ne da garejinsa. Mai bututun ne ya fi kowa ƙarfin dariya in an zazzage gwangwani, kuma ya san motar Anti, don irinta ɗaya ce a unguwar. Nan take ta gane cewa ba tsatsa ce ta riƙe notin nan ba, kuma gabanta ya faɗi fiye da yadda yake faɗuwa a kan gangara.

Ta je wurin Inna, uwar mijinta, wadda ɗakinta ke kallon inda ake ajiye motar.

"Inna, don Allah ki sa baki. Motar nan ba ta da birki."

"Ba ta da birki kike dawowa gida kullum? Da me kike tsayawa, da addu'a?"

"Wallahi kusan haka ne, Inna."

"Ke 'yar nan, ki iya bakinki. Ɗan nan tun bai iya sa wando ba yake cikin ƙarfe. Manyan mutane ke layi a ƙofar garejinsa. Sai ke da kika koyi tuƙi jiya-jiya, a hannunsa ma, ke ce za ki koya masa birki? Tsoro ne kawai irin na mata. Ki yi bisimilla ki hau, kwana in bai ƙare ba ba mai mutuwa."

Anti ta fara fita da wuri, tun titi bai cika ba, tana ce wa iyayen yara makaranta ce ta matsa. Gangarar kuwa da giya ta ɗaya take sauka, injin yana kuka, na bayanta suna danna mata oda suna zagi. Wani direba ya taɓa leƙo kai ya ce ta koma gida ta tuƙa tukunya. Ko kallon sa ba ta yi ba, idonta na kan mararraba. Abinci ya daina shiga. Zanenta ya fara yi mata yawa. Ko a kan sallaya take, sai ta ji ƙafarta ta dama tana danna ƙasa tana neman birki.

Wata safiya bayan ta sauke yara ta kasa daurewa, ta karya kan motar ta shiga garejin Dogo, wani makaniki da ke bayan makaranta. Notunan Dogo sun fi na kowa yawa a gwangwanin Injiniya, don haka ta sa rai ko don haushi zai taimaka. Yana ganin motar ya ja da baya yana goge hannu.

"Anti, lafiya?"

"Birki ne. Don Allah ka duba mini tayar baya."

"Motar gidan Injiniya? Ni?" Ya girgiza kai. "Ki rufa mini asiri. Motar gidan makaniki ba a taɓa ta sai da bakinsa. Ko leƙawa na yi, gobe a ce na shiga gidan mutum ta katanga. Ya kira ni da kansa, wallahi kyauta zan yi."

"Yara nake ɗauka, Dogo."

"Na sani. Mijinki ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ki lallaɓa shi."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Wani ya hango motar a bakin garejin Dogo ya kai wa Injiniya da zafinsa. Ya baro aiki da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya same ta tana wanke-wanke.

"Ya leƙa?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Bai tambayi me ya kai ta ba.

"Bai leƙa ba."

Ya sauke numfashi, sannan fushin ya zo. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Ki saurare ni da kyau. Ranar da wani makaniki ya kwanta ƙarƙashin motar nan, ranar za ki bar gidan nan. Kuma Lele ba ta bin ki."

"To in ajiye ta har ka gyara."

"Ki ce wa iyayen yara me? Motar matar Injiniya ba birki? Wa zai ƙara kawo mini ko da keke? So kike ki tozarta ni a garin da nake cin abinci?"

"Sai in ce ba ni da lafiya."

"Su zo dubiya su gan ki garau? Ke dai ba ki da haƙuri. Na ce zan cire shi, zan cire shi. Akwai wata filaya da na sa a kawo mini."

Kullum akwai wata filaya da za a kawo. Shi kuwa bututun da aka matse bai daina tsatsafowa ba, robar da wuta ta taɓa ita ma ta fara gumi. Kowace safiya sai ya buɗe bonet ya ƙara man birki. Da mai sayar da man ya tsokane shi cewa wace mota ce wannan mai shan man birki kamar shayi, sai ya daina saye. Anti ta fito ta same shi yana kaɗa garin sabulu a ruwa cikin wata roba, zai zuba a madadin man.

"Wannan fa?"

"Santsi ai santsi ne. Direbobin daji da shi suke zuwa su dawo."

A makon ne ya fara kai Lele makaranta da kansa a kan babur. Ya ce yarinya ta girma, ya kamata ta riƙa shan iska, kuma ai hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce, amma Lele ta yi ta tsalle, Inna ta yi ta sa albarka, ta ce uba ke nan. Anti ma ta ji sanyi a ranta. Ta ce ko ba komai an rage mata kaya ɗaya a zuciya, ba ta tsaya ta tambayi kanta dalili ba.

Sai ranar da abin ya faru. Tana tsakiyar gangara wani mai baro ya turo kayansa titi, bayansa wata mata da goyo. Anti ta taka birki, ƙafarta ta tafi har ƙasa kamar ta taka soso. Ta ɗaga ta sake takawa, ba komai. Ta sake, ta sake. Ta fizgi birkin hannu, bayan motar ya juya, ta karkata sitiyari ta goga tayoyin dama a jikin dakalin titi. Ƙarfe ya yi ƙara, ƙura ta tashi. Motar ta tsaya, hancinta na shafar buhun da ke kan baron. Matar mai goyo ta dafe ƙirji ta tsaya kamar an dasa ta.

A bayan mota yara suka fashe da dariya. "Anti, ƙara! Anti, sake yi!"

Ɗaya ne kawai ke kuka, ƙaramin cikin tagwayen mai ɗinki maƙwabciyarsu, wanda bakinsa ya daki kujera leɓensa ya fashe. Anti ta duba hannunta na dama ta ga ta miƙa shi a kan kujerar gaba don ta tare Lele. Kujerar ba kowa. Ta daɗe tana kallon kujerar nan. Wani tunani ya taso mata, ta danne shi da ƙarfi, don in ta bar shi ya fito ba ta san yadda za ta koma gidan ba.

Ta lallaɓa ta kai su. Ta zagaya bayan katangar makaranta ta yi amai. Da rana ta ce wa mai ɗinki yaro ya faɗi ne wurin wasa, mai ɗinki ta yi mata godiya da ta goge masa jinin. Wannan godiya ta fi komai ƙona ta.

"Yau na kusa kashe mace da goyo," ta ce wa Injiniya da yamma.

"Amma kin tsaya ai."

"Birkin ya tafi har ƙasa."

"Iska ce ta shiga. Zan fitar." Ya kwanta ya ƙara matse filayar, ya sa ta tattaka birki yana buɗe wani noti yana rufewa, ya cika ruwan sabulunsa. "Taka ki ji. Kin ji ya kama? Ke matsalarki firgita. Direba ba ya firgita."

Washegari aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Iyaye suka riƙa kawo yara ƙofar gida a cikin lema suna tura su mota da sauri. Mai ɗinki ta kawo tagwayenta, ta tsaya a ƙarƙashin rumfar ƙofa tare da wasu iyaye suna jiran ruwan ya ɗan tsagaita. Anti tana zaune a mazaunin direba, hannuwanta a kan sitiyari, tana tunanin gangara a jiƙe. Injiniya yana banɗaki.

Inna ta fito da Lele a cikin kayan makaranta, ta dubi babur ta dubi sama.

"A wannan ruwan za a ɗora mini jika a babur? Ga mota? Zo nan, 'yar albarka."

Ta buɗe ƙofar gaba ta zaunar da ita, ta gyara mata jaka, ta rufe. Anti ta dubi ƙofar banɗaki. Ta murɗa makulli, injin ya tashi.

Ƙarar injin ce ta fito da shi. Ya hango kan Lele ta gilashi. Ya taho a guje, ba takalmi, ba riga, ruwa na dukan sa, ya daki bonet da tafin hannu.

"Kashe! Kashe motar nan! Wa ya sa ta a ciki?"

"Ni ce," in ji Inna. "Ruwa ake, ɗan nan."

"Inna, kashe mini ita za ki yi? Motar nan ba ta da birki!"

Ya fizge ƙofar ya ciro Lele ya ƙanƙame ta a ƙirji. Sai da ya juyo ya ga mutanen da ke ƙarƙashin rumfa.

Ruwa kawai ake ji a kan kwano. Mai ɗinki ce ta fara motsi. Ta yar da lemarta ta buɗe ƙofar baya ta jawo tagwayenta, ta dubi leɓen ƙaramin, sannan ta dubi Anti. Sauran iyayen suka bi, kowa ya ja nasa. Wani uba ya tsaya gaban Injiniya kamar zai kai masa hannu, sai ya tofar da yawu a ƙasa ya wuce. Nan da nan motar ta zama wayam, ƙofofi a buɗe, ruwa na shiga.

Anti ta kashe injin. Ta sauke gilashi. Tunanin da ta danne jiya ya fito, kuma ba ta da sauran ƙarfin mayar da shi.

"Baban Lele," ta ce, "ni fa?"

Ya kawar da kai. "Ke ai kin san yadda kike yi da ita."

"Ke ai babba ce," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kin iya tuƙi."

Iyakar amsar da ta samu ke nan, kuma har yau ba a ba ta wata ba.

Tun da asiri ya riga ya tonu, babu sauran abin ɓoyewa. Ya miƙa wa Inna yarinyar, ya hau babur ya je gareji ya dawo da zarton ƙarfe da soket da guduma. Ya kwanta a cikin taɓo, bai ma rufe ƙofar gida ba. Ya yanke bututun dab da notin. Ya ɗora soket ya buga mata guduma, ya murɗa. Notin ya yi 'yar ƙara ya saki. Anti tana tsaye a kansa, ruwan da ta ɗora a wuta kafin ya fara ko tafasa bai yi ba. Kafin azahar mai bututu ya haɗa sabo, an ɗaura, an wanke ruwan sabulu an zuba man birki na gaske. An ce mai bututu ya yi dariya, ya kuma tambayi inda gwangwani yake. An yi kwana biyu ana tsokanar Injiniya a layin gareji, daga nan aka manta. Masu motoci ba su daina zuwa ba, don hannunsa na nan yadda yake.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan ke nan. Dariyar kwana biyu ce mutumin nan ya guje wa. Ita ya ɗora a sikeli ɗaya da ran matarsa da 'ya'yan maƙwabta, ya ga ta fi nauyi. Kuma ba jahilci ba ne, don ya san haɗarin sarai, shi ya sa ya zare 'yarsa ya bar sauran. Unguwa kuwa da ta tashi yanke hukunci Anti ta kama. Ita ce ta sani ta yi shiru, ita ce ta yi ƙarya a kan leɓen yaro. Mai ɗinki ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba. Ba na cewa Anti ba ta da laifi, ita ma ba ta cewa haka. Amma ban ji wanda ya tambayi abin da aka ce za a raba ta da shi in ta buɗe baki ba.

Tana nan a gidan, don Lele na nan. Wasu iyayen sun dawo da 'ya'yansu da suka rasa wata motar. Birki yana kamawa yanzu, taɓawa kaɗan motar ta tsaya cak. Injiniya yakan ce mata, "Kin ji aiki ko?" Takan ce ta ji.

Sai dai Anti ta daina durƙusawa tana duba ɗigo a gindin taya, ta daina tambayar sa lafiyar mota. Ta sami abin da ya fi wannan gaya mata gaskiya. Kowace safiya takan shirya Lele ta tsayar da ita a tsakar gida, tsakanin mota da babur, ta shiga ɗaure ɗankwali tana sauraro. In ya fito ya shafa kan yarinyar ya wuce, sai ta sa ta a kujerar gaba su tafi. Duk ranar da ya ce yau shi zai kai Lele, ko da kuwa da fara'a ya faɗa, Anti ba ta tayar da motar.